Darasi: Shirya Cikin Shago Domin Ya Daɗe

Karatu: Luka 14:28-30



A zagayen da muke yi cikin ikilisiyoyi, mun ga da yawa sun karɓi rance ko kuɗin adashe sun buɗe shago. Yawanci sukan zuba kuɗin duka a kan kaya, su manta da ɗakin da kayan za su kwana. Wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta jera buhunan gari da sukari a kan daɓen ƙasa. Kafin damina ta wuce, laima ta dunƙule sukarin, gara ta cinye kantar, ga rance yana jiran biya. A karatunmu na yau Yesu ya koya mana mu zauna mu yi lissafi kafin mu soma gini. Ga abubuwa 4 da za mu sa cikin lissafin.

1. Daɓe. A cika ɗakin da ƙasa a daddaɓe ta, ta fi ƙasar waje tudu da aƙalla inci 6, domin kada ruwan sama ya shigo. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, ita ce take tare laima. Kwaɓin shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Bayan an zuba, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Daɓen da ya bushe da sauri yakan farfashe.

2. Kanta da tebur. A nemi busasshen katako, gama ɗanye yakan tanƙware, ƙusoshi su saki. Kirya da azarar giginya ba su cika jin gara ba. Sauran katako a shafa masa maganin gara, ya bushe sarai kafin a ɗora kaya. Kada ƙafar kanta ta taɓa ƙasa, a ɗora ta a kan bulo. Araha ba ta ado.

3. Rufi da iska. Kwano ba silin yakan mai da shago tanda a watan Maris da Afrilu, kaya su lalace. A sa silin, a buɗe ƙananan tagogi 2 masu duban juna can sama, a rufe su da ragar waya saboda ɓera. A toshe duk inda yake yoyo kafin ruwan farko.

4. Jeren kaya. Buhuna su hau katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta wuce. Kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kananzir, sabulu da maganin ƙwari su sami nasu gefe, nesa da abinci. Tsohon kaya a gaba, sabo a baya.

Idan kuɗin bai kai ba, a fara da daɓe da rufi, a rage yawan kayan farko. Jarin da ke hannunmu amana ce daga wurin Allah.

Tambayoyi domin tattaunawa:
a. Me ya fi lalata kaya a shagunan ƙauyenmu?
b. Wane magini ko kafinta a cikinmu zai taimaki gwauraye da matasa masu fara sana'a?

Mu rufe da addu'a domin waɗanda suke bin hanyar biyan rance a wannan shekara.