Ladan Kai Wayar Tangarahu

Kafin 1985, da aka raba Ma'aikatar Gidan Waya aka kafa NIPOST da NITEL, kalma-kalma ake biyan kuɗin tangarahu. Wannan kuɗi kuwa iyakarsa a kai waya cikin kewayen da aka yanka wa gidan waya. In wurin ya zarce haka, sai a ƙara ladan masinja gwargwadon nisa, ko kuwa a sa wayar cikin jakar wasiƙu ta jira mai tafiya.

Ƙauyukan Ruma, na Batsari da na Safana, nesa suke. Saboda haka magatakardan da ya tarar da tsohuwar waya cikin takardun Hakimi, kada ya ɗauka ranar da aka buga ta ita ce ranar da ta iso. Ya duba littafin shigar takardu tukuna, balle in ana gardama ne kan ranar da umurni ya zo.