Jituwar Mai da Gas a Cikin Firij

Ɗalibi ya saba jin kalmar "jituwa" a darasin nahawu. To, injiniyoyi ma suna neman ta tsakanin gas mai sanyaya firij da man da ke shafe kwamfuresa. Gas yakan kwashi man ya zaga da shi cikin bututu. In ba su gauraya ba, man ba zai komo ba, sai kwamfuresa ta bushe ta ƙone.

Matsalar ta taso ne bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta sa aka daina amfani da gas R-12 saboda lalata shimfiɗar ozon. Magajinsa, R-134a, ya ƙi gaurayuwa da tsohon man da ake tacewa daga ɗanyen fetur. Dole aka koma ga man POE, wanda shi kuma shan danshi ne aibinsa.

Wajen gwaji, akan zuba mai da gas cikin bututun gilashi tare da sillen baƙin ƙarfe, da jan ƙarfe, da alminiyon. Sai a liƙe, a gasa a zafin digiri 175 har kwana 14. In man ya yi duhu, ko ƙarfen ya zaizaye, ko asid ya ƙaru, babu jituwa. Akan kuma sanyaya haɗin a ga ko zai rabu gida biyu.