Masu Zubin Tukwane, Mu Tsince Ƙarfe Kafin Ya Shiga Wuta

Sana'ata narka alminiyam da zubin tukwane da ludaya da kurfoti, kuma a Kano nake yin ta. Maganata da 'yan'uwana masu zubi ce, da 'yan gwangwan da ke kawo mana kaya, da matan da ke girki da abin da hannunmu ya ƙera. Abu guda nake so mu gyara, wato ɗabi'ar juye buhun tarkace a wuta yadda aka kawo shi, ba tsincewa, ba wankewa. Nan asararmu take farawa, nan hayaƙin da maƙwabta ke kuka da shi yake fitowa, kuma nan wata guba da ido ba ya gani take samun hanyar shiga abincin mutane.

Sana'ar kanta alheri ce ga gari. Duk wanda ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga irin tulin ƙarfen da ake tsamowa daga bola a mai da shi abin amfani. Narka tsohon alminiyam kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na makamashin da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ma'adininsa. Saboda haka ba na goyon bayan masu cewa a kore mu daga gari. Damuwata tana kan abin da ke bin alminiyam ɗin zuwa cikin tukunyar narki.

Buɗe buhu ɗaya ka gani. Akwai gwangwanayen lemo, da tsofaffin tukwane, da guntayen firam ɗin taga. Akwai kuma fistin da kan inji jiƙe da baƙin mai, da lagireto mai lakin dalma a gaɓoɓinsa, da wilin mota da 'yar dalmar da masu gyaran taya ke maƙala masa, wani lokaci har da kan batir. Dalma irin wannan tana narkewa tun zafi yana digiri 327, shi kuwa alminiyam sai ya kai 660. Kafin ƙarfenka ya zama ruwa, ita ta daɗe da malalewa a ciki. Ba ta ƙonewa ta ɓace, kuma kwashe kumfar sama ba ya raba ta da ƙarfen. Idan zubi ya daskare sai ta zauna ɗigo-ɗigo a jikin tukunya, tana jiran ranar da za a ɗora miyar tumatir, ko yakuwa, ko kunun tsamiya. Tsami da zafi su ne ke sakin ta cikin abinci.

Ba zato ba ne wannan. A 2014 masu bincike sun gwada tukwanen da ake zubawa daga tarkace a Kamaru, irin namu sak, suka tafasa ruwa mai tsami a ciki, suka tarar dalma tana fita daga da yawansu. A 2017 aka faɗaɗa gwajin zuwa ƙasashe goma, aka sake samun haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ga yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta jawo ƙarancin jini. Ga mai ciki, tana ratsawa zuwa ɗan tayi. Ga babba, hawan jini da ciwon ƙoda.

Mu 'yan Arewa ba ma bukatar a ba mu labarin wannan guba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba na cewa tukunya za ta yi irin wannan kisa. Nata aikin a hankali ne, kaɗan yau, kaɗan gobe, kuma tukunyar zubi takan yi shekara da shekaru a gida, uwa ta bar wa 'ya. Yaron da karatu ya yi wa nauyi, ba wanda zai tuna da tukunyar tuwo.

Tsincewar ba ta bukatar inji. Maganaɗisu zai janye baƙin ƙarfe, amma ba ya kama dalma, don haka hannu da ido ne za su yi aikin. Dalma ta ninka alminiyam nauyi wajen sau huɗu, tana da laushi har farce yana karce ta, kuma idan ka goga ta a takarda tana barin baƙin layi. Yaron shago ma yakan gane ta da zarar an nuna masa. A wurinmu kashi biyu muke yi. Tsofaffin tukwane da guntayen firam da gwangwani su ne na kayan abinci. Kayan inji da lagireto da wili kuma na abin da baki ba zai taɓa ba, kamar kurfoti da kwalliyar ƙofa da fuli. Kowane kashi da tukunyar narkinsa da ludayinsa, domin ragowar jiya tana shiga zubin yau.

Na san abin da za a ce. Kayan inji sun fi araha a kilo, sun fi gudu a cikin ƙasar zubi, tukunyarsu kuma ta fi fita sumul. Gaskiya ne. Amma a yi lissafi har ƙarshe. Ƙarfen da ya shiga wuta da mai da fenti da ƙasa, kashinsa ya fi yawa, kuma wannan kashin da muke kwashewa mu watsar a bayan shago cike yake da alminiyam da muka saya da kuɗinmu. A auna abin da ya shiga a sikeli, a auna abin da ya fito, bambancin zai ba mutum tsoro. Gwangwani kuwa idan aka jefa shi a sake saman wuta, sirantarsa kan sa da yawansa ya ƙone ya zama toka. A daka shi ya dunƙule, a busar da shi sosai, sannan a danna shi ƙarƙashin narkakken ƙarfe. Busarwar ba wasa ba ce, ɗigon ruwa a cikin gwangwani yana iya watsa wa mutum narkakken ƙarfe a fuska. Kashin kuma a tara shi inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba, domin idan ya jiƙe warin da yake fitarwa yana shaƙe numfashi, kuma akwai masu sayensa su sake tace shi. Murfi a kan murhu kaɗai yana rage cin gawayi.

Sai ƙona waya. Duk baƙin hayaƙin da ka ga ya tashi da yamma a bayan rumfunan gwangwan, mai yiwuwa roba ake ƙonawa a ciro jan ƙarfe. Wannan roba idan ta ƙone tana fitar da iska mai cin huhu da gubar da ke daɗewa a ƙasa, kaji da awaki su yi kiwo a kai. Abin takaicin shi ne, jan ƙarfen da aka feɗe da wuƙa ya fi wanda aka ƙona tsada a sikeli. Kasuwar tarkace ta Agbogbloshie a birnin Accra ta yi suna a duniya kan wannan hayaƙi, hukuma ta rushe wurin a 2021, masu aikin suka watsu cikin wasu unguwanni da sana'arsu. Rusau ba ya kashe hayaƙi. Injin feɗe waya guda, da ƙungiya za ta iya saya a yi karo-karo, ya fi shi amfani.

Batir kuma kada a fasa shi a shago, kada a tsiyaye ruwansa a kwata, a sayar da shi ɗungurungum ga kamfanin da ke da izinin sarrafa shi. Baƙin mai a tara a durom. Maƙwabtanmu masu walda su ma su ji: tun 2017 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, kuma madarar gwangwani da ake sha bayan an tashi aiki ba ta wanke huhu. A kankare fenti da rufin tutiya kafin a ɗora wuta, a yi aiki inda iska ke wucewa, a sa takunkumin da aka yi don hayaƙi. Dukkanmu kuma mu bar kayan aiki a shago, mu wanke hannu kafin cin abinci. Ƙurar da ke jikin riga ita ce jariri ke shaƙa idan ka ɗauke shi da daddare.

Hukumar kare muhalli ta NESREA tana nan tun 2007, amma ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kan kowane murhu ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan maƙera su ne ake jin maganarsu a rumfa. Su kafa doka cewa kayan inji ba sa shiga tukunyar abinci, kuma kowane mai zubi ya riƙa buga alamarsa a gindin tukunya, yadda za a san mai kyau a neme shi.

Ku kuma iyayenmu mata, kada ku bar miya mai tsami ko zoɓo su kwana a tukunyar zubi, ku juye a wani mazubi da zarar an sauke. Wadda cikinta ya yi ramuka ku daina girki da ita, ku kawo mana mu narke. Idan kun je saye, ku tambayi mai tukwane da wane ƙarfe aka zuba. Ranar da masu saye suka fara wannan tambaya, masu zubi za su fara tsincewa.