Yadda Ake Tayar Da Tsohuwar Sabar A Ceto Abin Da Ke Cikinta

A bayan a-daidaita-sahu aka kawo mini ita shago, mutum biyu suka ciccibo ta. Compaq ProLiant 1600 ce, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, tun kafin HP ta haɗiye kamfanin Compaq a 2002. Mai ita ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maɗaba'a yake da ita, kuma duk littattafan Hausa da aka tsara a wurin a cikin wannan sabar ake tara su. Ɗansa ya ce, "Malam, jona ta mana mu gani ko za ta tashi." Na ce masa, "Yi haƙuri, yau ba za ta ga wuta ba."

Wannan shi ne matakin farko. Na'urar da ta shekara 15 a sito ba a gaisawa da ita da wutar lantarki. Kafin komai sai a samu salatif da maka, a rubuta wa kowane faifan ajiya lambar ramin da aka zaro shi: 0, 1, 2. A ɗauki hoto. A ajiye su gefe guda, nesa da hannun yaran shago.

Gangar jikin aikin kowane mai gyara ne. Bulowa da buroshi su fitar da ƙurar hunturu da gidan zanzaro, a canja batirin agogo, a duba kafasitocin da suka kumbura ko suka yi tsatsa a cire su da dalma a sa sababbi. Akwatin wuta a gwada shi da mita a tabbatar yana ba da bolt 5 da 12 daidai. Sannan a kunna ta babu faifai ko ɗaya a ciki, kuma ta bayan inbata, kada ɗaukewar wuta ta same ka a tsakiyar aiki. Ranar da fankokinta suka ɗauka da wannan gurnani nasu, sai da na tsaya ina saurare. Mu da muka koyi sana'ar nan a zamanin Windows NT 4.0 mun san wannan ƙara kamar muryar ɗan gida. Ƙarfe ne na gaske, an yi shi don ya daɗe.

To amma ba don ƙarfen aka zo ba.

Faya-fayan guda 3 ne, kowane gigabait 9.1, nau'in SCSI mai baki 80. An haɗa su a tsarin RAID 5, wato kowane fayil an yayyanka shi an rarraba a kan ukun, tare da wani lissafi da zai cike gurbi idan ɗaya ya mutu. Ɗaya tak. Idan ka mayar da su cikin sabar ka kunna, katin Smart Array da ke kula da su zai iya tsayar da kai da tambaya: danna F1 ko F2. Nan mutane ke yin asara. Yatsa ɗaya cikin gaggawa, katin ya fara rubutu a kan faya-fayan da sunan gyara, abin da ya rage ya bi ruwa. Shi ya sa ba na yarda katin ya gan su sai na kwafe kowane ɗaya daban.

Kwafewar a wata kwamfuta ake yi, mai Linux, da katin Adaptec 2940UW da 'yar mahaɗa mai sauya baki 80 zuwa 68. Yanzu ko a shagunan kayan kwamfuta na titin Beirut sai ka sha yawo kafin ka samu mai irin waɗannan, nawa tun na da ne nake ɓoyo. Ga wani abu da ke ruɗa sabon shiga: ka ba faifan wuta ka ji shiru, ka ce ya mutu. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, umarni yake jira, don an yi su ne su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya kada su ja wuta a lokaci guda. Akwai ɗan maƙalli a jikin mahaɗar da ke sa injin ya tashi da kansa.

Daga nan aikin kunne ne. Lafiyayyen faifai yana ɗaukar gudu a hankali har ya daidaita, ya yi 'yar ƙaras-ƙaras, ya natsu. Wanda allurarsa ta manne da farantin ciki sai ya yi ƙugi ya kasa juyawa. Irin wannan nakan kashe wuta, in riƙe shi a kwance a tafin hannu, in murɗa wuyan hannuna sau ɗaya da sauri, sannan in sake gwadawa. Ba a buga shi, ba a sa shi a firji, ba a kwance murfinsa a shagon da ƙura ke yawo. Idan kuwa ƙwas-ƙwas yake yi yana maimaitawa, ko ka ji kamar ana kankare ƙarfe, zare wuta nan take. Wannan ya wuce teburina, na masu ɗaki marar ƙura ne.

Da zarar ya tashi, ɗauka cewa tashinsa na ƙarshe ke nan. Sa masa fanka, ka saki manhajar ddrescue. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa gardama da wurin da ya lalace. Sai ta kwashe duk mai kyau tukuna, tana rubuta inda ta tsallake, daga baya ta dawo ta lallaɓa. Faifai na 0 da na 2 sun fita cikin ƙanƙanin lokaci. Na 1 ya kwana yana yi.

Saura haɗawa, kuma a kan kwafi kaɗai. Compaq na da nata salon jera lissafin cike gurbin nan, don haka manhaja irin R-Studio nake ba wa kwafin, in yi ta gwada jeri da girman yanka har sunayen fayiloli su bayyana. Sun bayyana, amma duk babban fayil da na buɗe a hargitse yake. Da na bi kwanan watan da ke cikin kowane kwafi sai na gane faifai na 1 ya daina aiki watanni kafin a rufe maɗaba'ar, sabar ta ci gaba da tafiya a kan biyu ba wanda ya lura. Tsohon zance ne a cikinsa. Na fitar da shi daga lissafi, na bar biyun suka cike gurbinsa, komai ya zauna.

Littattafan a PageMaker aka tsara su. Da muka buɗe na farko, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai wata alama daban. A wancan lokaci da haruffa na musamman ake buga masu lanƙwasa, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Na koma cikin kwafin na ɗauko jakar haruffan na ɗora, Hausa ta dawo daidai. Ɗan marigayin ya ga sunan mahaifinsa a shafin farko, ya daɗe bai ce komai ba.

Na ba shi kwafi 3 a wurare daban-daban. Duk mai irin wannan na'ura a sito, don Allah kada ya jona ta don ya gani. Ya rubuta wa faya-fayan lamba, ya kai wa wanda zai fara kwafe su.