Na'urar Nuna Hanya da Matafiyi Mai Hikima

Karatu: Luka 14:28-30, Karin Magana 15:22

Gabatarwa

Yawancinmu muna kan hanya kusan kowane mako: zuwa babban taro, gaishe da marar lafiya, biki ko jana'iza. Direban da ya ɗauko mutum goma sha huɗu a bas, rayuka goma sha huɗu aka ba shi amana. Yau da yawa sun dogara ga na'urar nuna hanya, wadda ke jikin mota ko wadda ke cikin waya, kamar Google Maps. Darasinmu zai nuna yadda take aiki, inda take da ƙarfi, da inda take gazawa.

1. Yadda take sanin inda kake

Tsarin GPS na Amurka ne, don sojoji aka fara gina shi. An harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin kuma ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana, yana aiko da saƙon da ke faɗin inda yake da kuma lokaci. Na'urarka tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso. Idan ta ji daga taurari huɗu aƙalla, sai ta lissafa inda kake.

A 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce hanya ya shiga sararin samaniyar Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan wannan ne shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su yi amfani da GPS. Ɓatan hanya ba ƙaramin abu ba ne.

Ka riƙe wannan: taurari suna faɗa mata inda kake ne kawai. Titi da kwana da gada, daga taswirar da mutane suka zana take ɗauko su, taswira kuwa tana tsufa.

2. Shirya kafin ka tayar da mota

Karatunmu na farko ya yi maganar mai gini da ke zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Haka tafiya take.

Ka rubuta inda za ka tun mota tana tsaye, ka duba da kyau. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano. Haka ma Sabon Gari. Wanda ya danna na farkon da ya fito zai iya kama hanyar wani gari bai sani ba. Sunan Ƙofar Kuyambana ma ba iri ɗaya ake rubuta shi ba: wasu Kuyanbana, wasu Kuyan Bana. Idan bai fito ba, gwada wani rubutun.

Ka dubi hanyar daga farko har ƙarshe. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gida, domin ko sabis ya ɗauke a daji, na'urar za ta ci gaba da nuna maka inda kake. Ka tanadi caja. Ka kafa wayar inda ido zai gan ta, ka kunna murya, ko ka ba na kusa da kai ya riƙe. Danna waya ana tuƙi laifi ne a dokar hanya, kuma ya sha cin rayuka.

3. Darasin Ƙofar Kuyambana

A ce baƙo ya taso daga Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, ya biya Wusasa ya yi gaisuwa, yana so ya wuce Tudun Wada. Na'ura za ta iya ce masa ya shiga ta Ƙofar Kuyambana ya ratsa cikin birni ya fita ta Ƙofar Doka, domin a taswira gajeriyar hanya ce. Amma ba lallai ta san yau Juma'a ce, sahu ya cika titi kusa da fadar Sarkin Zazzau ba. Ba lallai ta san ranar hawan Sallah ba, ko lungun da aka kafa rumfar biki, ko wanda Keke Napep kaɗai ke iya bi, ko inda ruwan damina ya cinye gefen kwata.

Mai shayin bakin ƙofa ya san wannan duka. Ɗan acaba ma ya sani. Ka tsaya, ka yi sallama da ladabi, ka tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, karatunmu na biyu kuma ya nuna cewa shiri yana lalacewa inda babu shawara. Haka nan idan na'ura ta nuna maka yanke ta cikin daji da dare, kada ka bi sai ka ji daga direbobin tasha.

4. Idan ka kuskure kwana

Na'urar ba ta fushi, sai ta sake lissafi daga inda kake. Kai ma kada ka firgita ka taka birki a tsakiyar titi, kada kuma ka yi baya a kan babbar hanya. Ka wuce, ka nemi wurin juyawa. Abin da ke ɓatar da direba shi ne girman kan da ke hana shi cewa, "Na yi kuskure."

Tambayoyi

1. Mene ne taurari suke faɗa wa na'ura, mene ne kuma ba sa faɗa mata?
2. Waɗanne abubuwa uku za ka yi kafin tafiyarka ta gaba?
3. A wace shawara ta rayuwarka ka ƙi tambayar waɗanda suka san hanya?

Addu'a

Ya Uba, ka ba mu hikimar shiri da tawali'un tambaya. Ka kiyaye direbobinmu da duk waɗanda suka ɗauka, ka kai su lafiya, ka dawo da su lafiya, cikin sunan Yesu. Amin.