Kwando Uku

Karatu: Markus 6:39-43

Kafin Yesu ya ciyar da taro, sai da ya zaunar da su ƙungiya-ƙungiya. Da suka ƙoshi, aka tattara ragowa kwando 12.

'Yar'uwa, in kina koyar da yaro mai galahanga a gida, kada ki ce "gyara ɗakin nan" ki wuce. Ba taurin kai ba ne, umarnin ne ya fi ƙarfinsa. Dubi manomin Aliero yana ware albasa ɗaya bayan ɗaya. Ajiye masa kwando uku, kowanne da hotonsa: na ajiya, na kyauta, na shara. Yau littattafai kaɗai. Bar shi ya zaɓa da kansa, ki yaba masa.

Addu'a: Ya Uba, ba ni irin haƙurin da kake yi da ni. Amin.