Amsoshin Tambayoyinku: Malaminmu ya daina ba mu not

Tambaya: Ina aji biyu a NCE, ina karanta fiziks. Sabon malaminmu ba ya karanto mana not, sai dai ya jefo tambaya ya ce mu yi ta musu a rukuni. Tun daga nan nake jin kamar ban san komai ba, ga TP, wato gwajin koyarwa, ya ƙarato. Da wane ido zan tsaya gaban aji? Daga wata ɗaliba, Nassarawa GRA, Kano.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin biyu, lacca da aikin rukuni, a kan ɗaliban fiziks na Jami'ar Harvard. Bayan lacca mai daɗin saurare, ɗaliban sun ce sun fi ƙaruwa. Amma da aka yi musu gwaji, sun fi cin maki a darussan da aka sa su yi fama da tambayoyin da kansu. Tun 1998 ma Richard Hake ya duba sakamakon ɗalibai sama da 6,000, ya ga ƙaruwar fahimtar masu irin wannan koyo ta kai kusan ninki biyu na ta masu sauraren lacca.

Ga misali. Tirela ta yi karo da adaidaita sahu a titin Hadeja: wa ya fi dukan wani da ƙarfi? Da yawa daga waɗanda suka haddace dokar Newton ta uku za su ce tirela. Alhali ƙarfin ɗaya ne. Adaidaitar ce ba ta da nauyin da za ta jure. Wanda bai taɓa faɗar wannan kuskure da bakinsa an gyara masa ba, ranar da ɗan SS 1 ya ce "Malama, to me ya sa?" zai sha gumi. Kuma yaran makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ba sa barin malami ya wuce da hadda.

Saboda haka ki samu littafi ki riƙa rubuta amsoshin da ƙawayenki suka kuskure, domin su ɗin ne ɗalibanki za su kawo miki.

Sai dai malamin naku ma akwai haƙƙinku a kansa. Musun da aka tashi ba a yanke ba ruɗani yake ƙarawa. Ku roƙe shi, cikin ladabi, ya riƙa ware mintuna goma na ƙarshe ya faɗi amsar daidai da dalilinta, ku rubuta.